Allurar aikin yanar ido: mu san abin da ake yi wa iyayenmu

Ƴan uwa matasa, duk ranar da aka sanar da aikin ido kyauta a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, mu ne ke ɗauko tsofaffi a babur, mu ne ke bin layi, mu ne ke fassara musu Faransancin dokotoro. Amma in tsoho ya ce, "Allurar nan cikin idona za a soka ta?" sai mu ce, "Baba, ba komai." Wannan ba amsa ba ce. Mai tsoro bayani yake so, in kuwa bai samu ba sai ya koma gida da yanarsa, ko ya faɗa hannun masu tura yana cikin ido da tsinke, aikin da sau da yawa ke ƙarewa da makanta.

Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali aiki ɗaya na warkar da ita. Galibi ba a sa mutum barci. Ko dai a ɗiga maganin kashe zafi, ko a yi allura a gefen ƙwayar ido, ba cikinta ba. Maganin da aka fi sani shi ne lidocaine, wani lokaci a haɗa da bupivacaine don ya daɗe yana aiki.

Akwai kuma ɗan sinadarin da wasu likitoci ke ƙarawa cikin allurar, sunansa hyaluronidase. Shi ba ya kashe zafi. Naman da ke kewaye da ido yana da wani abu mai yauƙi da ke riƙe shi kamar danƙo. Sinadarin yana sassauta wannan danƙon na ɗan lokaci, sai magani ya bazu da sauri, ido ya tsaya cik, likita ya yi aikinsa a natse. An daɗe ana samo shi daga ƴaƴan marainan raguna da shanu, kuma tun 2005 Amurka ta amince da wanda ake haɗawa a ɗakin bincike.

Shin dole ne a saka shi? Likitoci ma ba su zama baki ɗaya ba. A 2018 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 7 da aka yi a kan mutum 500, ta ce babu tabbacin yana rage zafi lokacin aiki. A ɗaya gefen, sa'ad da ya yi ƙaranci a Amurka wajajen shekarar 2000, wasu likitoci sun lura masu ganin abu biyu-biyu bayan aiki sun ƙaru. Kuma jikin wasu, kaɗan ƙwarai, ba ya karɓarsa: ido ya kumbura, ya yi ja, har a zaci ƙwayar cuta ce ta shiga.

Ke nan shawarar saka shi ta likita ce, ba ta mai rakiya ba, ba ta masu saƙon murya a WhatsApp ba. Amma sani haƙƙin mai ido ne. Kyauta ba ta soke wannan haƙƙi. Ko mutum ɗari ke jira a waje, Inna ta cancanci minti biyu na bayani cikin harshen da take ji.

Saboda haka in kun raka wani, ku tambaya: ɗigo za a yi ko allura? Me aka haɗa a ciki? Ku faɗa wa likita in an taɓa yi masa allura jikinsa ya kumbura, ko yana shan maganin tsinka jini. Ku nemi a rubuta muku sunan abin da aka yi amfani da shi, ku adana takardar, domin wata rana za a iya zuwa ga ɗaya idon. In an ga kumburi ko ciwo mai tsanani bayan aiki, a koma gidan likita ranar, kar a jira gobe.

Su kuma masu shirya waɗannan ayyuka, muna kira gare su da su tanadi mai bayani da Hausa, Zabarmanci da sauran harsunanmu tun a bakin ƙofa. Tsohon da aka yi wa bayani ya warke, shi zai koma ƙauye ya turo maƙwabcinsa.