Ingilishi da Cin Rani: Abin da Sabuwar Doka Take Nufi ga Magarya da Dungas

Ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2025, shugaban ƙasa Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu kan Kundin Sake Gina Ƙasa. Aya ta 12 ta wannan kundi ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. A cikin watan nan ne kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. An yi ta magana kan ɗaukakar da Hausa ta samu da matsayin da Faransanci ya rasa, amma kaɗan ne suka tsaya kan magana ta uku, wato karo na farko ke nan tun samun mulkin kai a 1960 da doka ta jera Ingilishi a sahu ɗaya da Faransanci. Wannan magana kuwa ta shafi gundumomin Magarya da Dungas ƙwarai, domin samarinsu sun daɗe suna neman abinci a ƙasar da harshen gwamnatinta Ingilishi ne.

Harshen maƙwabci

A Yamai ana iya ɗaukar Ingilishi harshen nesa, na Ingila da Amurka. A kudancin jahar Damagaram kuwa harshen maƙwabci ne. Wanda ya bar Magarya ya bi ta Tinkim, nan da nan zai sami kansa a Babban Mutum ta jahar Katsina. Wanda ya bar Dungas ya bi ta Adare, sai ga shi a Maigatari ta jahar Jigawa, inda babbar kasuwar dabbobi take ci kowace Alhamis. Mutanen nan da na can dangi ne: sarautar Magarya tsatson Daura ce, auratayya da cinikayya kuma ba su taɓa yankewa ba.

Turawa ne suka raba su. Faransa da Ingila sun ƙulla yarjejeniya kan iyaka a 1898, suka gyara ta a 1904 da 1906, sa'an nan aka bi daji ana kafa alamomi har 1908. Tun daga lokacin, kalma ɗaya ta sami ma'ana biyu: in an ce Turanci a wannan ɓangare, sau da yawa Faransanci ake nufi, a wancan ɓangare kuwa Ingilishi. Wani malami Ba'amurke, William Miles, wanda ya koyar a Magarya a ƙarshen shekarun 1970, ya wallafa littafi a 1994 yana gwama ƙauyen Yekuwa na ƙasar Magarya da ƙauyen Ƴardaje na ƙasar Daura, don nuna yadda mulki biyu da makaranta biyu suka sa Hausawa ɗaya suka tashi da hali biyu game da hukuma.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da dubu 570 a gundumar Magarya da fiye da dubu 350 a ta Dungas, wadda aka yanke daga Magarya a 2011. Gonaki sun yi kaɗan ga yawan jama'a. Gyaɗa, wadda a da ta riƙe wannan yanki zamanin da kamfanin SONARA yake sayenta, ta faɗi bayan farin 1973 da 1974 da cutar da ta afka mata a 1975. Saboda haka da an kai amfanin gona rumbu, samarin Bande da Sasumburum da Dogo-Dogo da Malawa sai su ɗaura jaka su tafi bida, ba su komowa sai damina ta gabato.

Yadda Ingilishi ya game duniya

Ingilishi bai fi sauran harsuna daɗi ko sauƙi ba. Ƙarfin masu shi ne ya kai shi inda ya kai. Da fari mulkin mallakar Ingila ya dasa shi a Indiya da Afirka da Ostareliya da Amurka ta Arewa. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, dukiyar Amurka da masana'antunta da jami'o'inta suka ɗora daga nan. Yau masu jin sa sun kai wajen biliyan ɗaya da rabi, kuma mafi yawansu ba da shi aka haife su ba, koyonsa suka yi. Da shi matuƙan jiragen sama suke magana da filayen sauka na ƙasashen waje, da shi ake buga mafi yawan binciken kimiyya, kusan rabin shafukan intanet kuma da shi aka rubuta su. Idan ɗan Sin da Baturke da Bahaushe suka haɗu kan ciniki, shi ne harshen da aka fi zaton su tarar a tsakaninsu.

Ba Nijar kaɗai ta lura da haka ba. Ruwanda ta mai da karatun makarantunta zuwa Ingilishi a 2008. Gabon da Togo, waɗanda Faransa ta mallaka, sun shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 2022. A shekarar nan Aljeriya ta fara koyar da Ingilishi tun daga firamare. Burkina Faso ma ta sanya shi cikin harsunan aikinta. Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Inda Hausa take kai mutum, da inda take tsayawa

Sai dai kada a ɗauka ɗan cin rani na Magarya ba ya cin abinci sai da Ingilishi. Daga Daura zuwa Kano, daga Kano zuwa Kaduna, Hausa ta ishe shi saye da sayarwa, neman masauki da neman aiki. A Legas da Fatakwal akwai unguwannin Hausawa da sarakunansu, a bakin titi kuma ɗan buroka kaɗan ya wadatar. A zangunan Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana Hausa ce ke tafe. Wanda ya nufi Libiya ko Aljeriya ko Saudiya, Larabci ya fi yi masa amfani, wanda ya nufi Abijan kuma Faransanci. Wannan babbar dukiya ce da ba kowace al'umma take da irinta ba.

To, amma a duba irin ayyukan da Hausa kaɗai take kai mutum gare su a ƙasar wani: ga-ruwa, gadi, dako, yankan farce, sayar da shayi, tallar rake, kabu-kabu, leburancin gini. Duka sana'o'in halal ne, su ne kuma suke cika gibin rumbuna da yawa. Amma da zarar magana ta kai ga takarda, sai hanya ta toshe. Takardar ƙulla aiki, takardar banki, rasit na haya, takardar kotu, bayanin da ke jikin inji ko kwalin magani, duka da Ingilishi suke a Nijeriya da Gana. Wanda bai iya karanta su ba dole ya dogara ga dillali, ya dangwala yatsa kan abin da bai sani ba. Maginin da ya ƙware yakan shekara goma yana lebura, alhali wanda bai kai shi iya aiki ba ya zama shugaban ma'aikata, don kawai shi yake jin maganar injiniya yana kuma iya rubuta lissafi. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa.

Haka abin yake a ƙasashen Larabawa masu arzikin mai. Ma'aikatan Indiya da Filifin da Kenya da Uganda suna samun aikin otal da asibiti da kanti saboda Ingilishi, wanda ba shi da shi kuwa aikin gida da kiwo suka fi samunsa, inda idon hukuma ba ya kai wa sosai.

Har ɗan lakwal ma bai tsira ba. Saurayin Dungas mai takardar BEPC ko ta bakaloriya, da ya ƙetare Adare sai Faransancinsa ya zama kuɗin da ba a karɓa a wannan kasuwa. Ko a gida ma, kamfanonin waje masu aikin mai, irin na Sin da ya gina matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011, da ƙungiyoyin agaji na duniya, sukan fifita wanda ya haɗa harsunan biyu.

Ingilishi ba biza ba ne

Akwai kuma wani ruɗi da ya kamata a kauce masa, wato zaton cewa wanda ya iya Ingilishi duniya ta buɗe masa. Siyasa ita ke buɗe iyaka, ita ke rufe ta. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya daga Nijeriya, har da ƴan Gana masu jin Ingilishi sarai. An rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ƴan ƙasashenta damar zirga-zirga ba biza. A can nesa kuma, Ingila ta daina ɗaukar masu kula da tsofaffi daga waje a Yuli 2025, Amurka ta sa Nijar cikin jerin ƙasashen da ta hana ƴan ƙasarsu shiga a Disamba 2025.

Kuɗin ma ba su da tabbas. Daga tsakiyar 2023 zuwa 2024 naira ta rasa fiye da rabin darajarta, ta yadda abin da ɗan cin rani ya tara a Kano, in ya canza shi zuwa sefa a kasuwar Magarya, sai ya ga ya zube. Ingilishi ba ya maganin wannan. Abin da yake yi shi ne ya fid da mutum daga sahun waɗanda ake musanyawa kowace safiya, ya kai shi sahun waɗanda ake nema, muddin yana da sana'a a hannu.

Abin da ya rage a yi

Doka ta faɗi, saura aiki. A makarantun gwamnati an daɗe ana fara Ingilishi ne daga ajin siziyam na kolej, alhali mafi yawan masu tafiya bida daga ƙauyukan nan ba su kai can ba. Waɗanda suka kai kuma sukan koyi nahawu a allo don cin jarrabawa, ba tare da bakinsu ya buɗe ba. Masu aikin sa-kai na Amurka, waɗanda suka fara koyar da shi a Nijar a 1962, sun bar ƙasar tun Janairu 2011. Idan aka bar abin haka, ƴaƴan masu hali na birane, waɗanda ake biya wa makarantun kuɗi ko jami'a mai koyarwa da Ingilishi irin ta Maryam Abacha da aka buɗe a Maraɗi a 2013, su kaɗai za su ci moriyar sabuwar doka, talakan bakin iyaka kuwa ya zauna inda yake.

Abu na farko shi ne a tsare jeri. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: wanda ya iya karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa ya riga ya san baƙaƙen boko, koyon wani harshe zai zo masa da sauƙi. Nijar tana da tarihi a kan haka, domin a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Nijeriya ta ɗauki wata hanya a Nuwamba 2025, lokacin da ta soke tsarin koyarwa da harshen uwa na 2022 ta koma ga Ingilishi zalla. Kundin Nijar bai bi wannan tafarki ba, tun da ya sa Hausa a gaba.

Na biyu, cibiyoyin yaƙi da jahilci na Magarya da Dungas suna iya ƙara aji na gaba ga waɗanda suka sauke karatun Hausa, inda za a koya masu Ingilishin aiki: karanta takardar ƙulla aiki, cika takardar banki, sunayen kayan gini da na kanikanci, da yadda ake kai ƙara in an danne haƙƙi. Lokacin wannan aji kuwa dole ya dace da lokacin da samari suke gida, in ba haka ba a buɗe shi ba kowa.

Na uku, malamai. Makarantun horon malamai na buƙatar shirya masu koyar da Ingilishi, gidajen rediyon karkara kuma suna iya ba da darasi da Hausa. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya, wadda aka kafa a 1971, wuri ne da za a iya tattauna musayar malamai, tun da jahohin Katsina da Jigawa ma suna bukatar masu koyar da Faransanci.

Samarin Magarya da Dungas za su ci gaba da tafiya bida muddin gona ba ta ciyar da gida wata goma sha biyu. Abin da hukuma take da iko a kansa shi ne irin guzurin da za su tafi da shi. Wanda ya fita da karatun Hausa da sana'a da Ingilishin da zai karanta abin da zai sa wa hannu, ya fi kusa da komowa da jari da mutuncinsa. Ranar da aka fara ganin irin waɗannan samari a Yekuwa da Malawa, ranar ce za a ce aya ta 12 ta iso ƙauye.