WAIWAYE: Daga Kartaj Zuwa Kasuwar Kurmi

Masu iko na kowane zamani sukan ɗauka cewa idan an kashe mai wata aƙida, aƙidar ma an binne ta tare da shi. Tarihi kuwa ya sha ƙaryata wannan zato, har ma a nahiyarmu ta Afirka.

A shekarar 203, a birnin Kartaj, watau kusa da inda Tunis take yanzu, hukumar Rumawa ta kama waɗansu sababbin Kiristoci. A cikinsu akwai Perpetua, 'yar babban gida mai kimanin shekara 22, tana goyon jariri, da kuma wata baiwa mai suna Felisita wadda ke da cikin wata takwas. Ba sata suka yi ba, ba su kuma ɗauki makami ba. Laifinsu kawai shi ne sun ƙi miƙa hadaya ga gumaka domin lafiyar Sarkin Rum, Septimius Severus, wanda shi kansa haifaffen ƙasar Libiya ne.

Mahaifin Perpetua, tsoho mai furfura, ya yi ta zarya zuwa kurkuku yana roƙonta ta dubi tsufansa, ta dubi ɗanta, ta yi abin da aka ce ko da a baki ne. Ita kuwa sai ta nuna masa wani tulu, ta ce kamar yadda ba a kiran tulu da sunan da ba nasa ba, haka ita ma ba za ta kira kanta da sunan da ba nata ba. Felisita ta haifi 'ya mace a kurkuku, wata 'yar'uwa cikin jama'arsu ta karɓi renon. Ran 7 ga watan Maris aka fito da su filin wasa, aka sakar musu muguwar saniya a gaban taro, sa'an nan aka ƙarasa su da takobi. Bayan shekara 110, watau a 313, daular da ta kashe su ta ba Kiristoci 'yancin yin addininsu. Labarin da Perpetua ta rubuta a kurkuku har yau ana karanta shi.

Musulmi ma ba baƙon irin wannan labari ba ne. Wajen shekarar 523, Sarkin Yaman Zu Nuwas ya sa aka haƙa ramuka, aka hura wuta, aka jefa Kiristocin Najran da suka ƙi barin addininsu. Malaman tafsiri da yawa suna ganin su ne mutanen ramin da Suratul Buruj ta ambata, ta kuma la'anci waɗanda suka ƙone su. Ba a daɗe ba mulkin Zu Nuwas ya rushe.

To, a ƙasar Hausa fa? A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda bai taɓa ganin ɗan mishan ba, amma karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman birni suka yarda. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kurmi. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi da ke Jihar Bauchi a yau. Su dai ba su ɗauki kansu Kiristoci ba a lokacin. Sai a 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila a Zariya, suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya yi wa ƙauyen mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka tashi, daga baya jama'ar ta taru a Wusasa. Daga wannan tsatso ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, inda dubban 'ya'yan Musulmi da na Kirista suka yi karatu a ƙarƙashinsa.

Ba lalle ne mai karatu ya yarda da abin da waɗannan mutane suka gaskata ba. Abin lura dai biyu ne. Na farko, babu ko ɗaya a cikinsu da ya rama da takobi, haƙurinsu ne ya zama shaidarsu. Na biyu, tilas ba ta taɓa shiga zuciya ba, iyakarta jiki. Saboda haka duk inda waɗansu suka fi yawa, ko a Katagum ne ko a Kalaba, amanar marasa yawa tana wuyansu. Wanda yake da rinjaye a garinsu, ai baƙo ne a garin wani, kuma yadda ya riƙe maƙwabcinsa a gida, haka za a riƙe ɗan'uwansa a can.