Liyafar Abokin Ciniki Ba Ta Hau Kan Baitulmali Ba

A ƙasar Birtaniya, mutumin da ya kafa ɗan ƙaramin kamfani yakan sha mamaki ran da akanta ya zauna da littattafansa a ƙarshen shekara, ya shaida masa cewa abin da ya ɓatar wajen ciyar da abokan ciniki, ko kai su kallon ƙwallo, ba za a ɗebe shi daga riba ba kafin a yanka haraji. Babu wanda ya hana kamfani biya, amma a wurin hukumar haraji ta HMRC kuɗin nan yana nan cikin riba kamar ba a taɓa shi ba. Saboda haka kamfanin da ribarsa ba ta haura fam 50,000 ba, wanda ake karɓar kashi 19 cikin ɗari daga gare shi, in ya yi liyafar fam 1,000, to, ba zai sami rangwamen fam 190 da ya sa rai da shi ba.

Hukuncin ya samo asali tun 1965, zamanin da James Callaghan yake ministan kuɗi, aka kuma toshe ƙofar da aka bar wa baƙi 'yan ƙasashen waje a 1988. Ni dai ina ganin an yi adalci, ko da yake na san hujjar masu ƙorafi, cewa ɗan ƙaramin kamfani ba shi da ƙarfin talla a jarida ko talabijin, jarinsa ke nan sakin fuska da karimci, alhali kuwa kuɗin talla ana ɗebewa. Hujja ce mai nauyi. Sai dai liyafa aba ce mai shubuha, domin mai gida ma yana ci, aminansa suna ci, kuma babu jami'in da zai iya shiga zuciyar mutum ya rarrabe lomar ciniki da lomar sha'awa. In kuwa aka buɗe ƙofar, ba mai ƙaramin shago ne zai fi amfana ba, manyan attajirai ne za su mai da almubazzarancinsu wuyan baitulmali, wanda haƙƙin marayu da marasa lafiya yake cikinsa. Wanda ya yi niyyar karrama baƙonsa, ya karrama shi da dukiyarsa.

Inda na ga an gaza shi ne sha'anin ma'aikata. Doka ta yarda kamfani ya shirya musu walimar shekara, ya ɗebe kuɗinta daga riba, ba a kuma ɗora wa ma'aikaci haraji a kanta, muddin an gayyaci kowa, abin da aka kashe kuma bai wuce fam 150 a kan kowane mutum ba. Amma in ya ɗara ko da fam guda ne, sai a lissafa dukkansa a matsayin amfanin da ma'aikaci ya samu, ba rarar kaɗai ba. Wannan adadi tun 2003 yake tsaye, duk da irin tsadar da abinci ya yi, kuma ƙananan kamfanoni, waɗanda ba su da ma'aikatan lissafi na dindindin, su suka fi faɗawa cikin wannan tarko. Ya wajaba majalisar dokokin ƙasar ta ɗaga adadin, ta kuma taƙaita harajin a kan rarar kawai.