LAFIYA UWAR JIKI: Tsagewar leɓen jariri ba laifin uwa ba ne

 

Abin da ya jawo maganar wannan wata shi ne wani suna da muka halarta a wani ƙauyen Hausawa kusa da Mai Wurno, kudu da Sinnar. An yanka rago, an raɗa suna, an sha shayi, amma ba wanda aka bari ya ga jaririn. Daga baya muka ji dalili. An haife shi ne da leɓen sama a tsage, abin da Larabawan nan ke kira leɓen zomo. Tun kafin ranar suna dangin miji sun gama yanke hukunci: wai mai jegon ta fita tsakar gida daren da wata ya yi husufi, tana da cikin wata bakwai.

To jama'a, bari mu duba yadda Allah ke ƙera fuskar ɗan Adam, sa'an nan mu ga ko wannan zargi yana da tushe.

A mako na 4 da shigar ciki, ɗan tayi bai fi ƙwayar dawa girma ba, kuma ba shi da fuska tukuna. Abin da ke akwai wasu 'yan tsokoki ne guda 5 kewaye da gurbin baki: ɗaya a sama wadda za ta zama goshi da hanci, biyu a gefe waɗanda za su zama kumatu da muƙamuƙin sama, biyu a ƙasa waɗanda za su zama haɓa. Suna girma suna matsowa har su haɗu su manne. Leɓen sama yakan gama haɗuwa wajen mako na 7. Ɗan kwarin nan da kowannenmu ke da shi tsakanin hanci da leɓe, a nan ne aka yi haɗin.

Ganɗa kuwa, wato rufin baki, tana biyo baya. Kamar yadda magini ke jero azara daga bangon dama da na hagu har su gamu a tsakiya, haka wasu faifai biyu ke tasowa daga gefe, su hau saman harshe, su haɗe daga gaba zuwa baya. Kafin mako na 12 ya cika an gama. In haɗin bai kammala ba, shi ne a haifi yaro da giɓi a leɓe, ko a ganɗa, ko duka biyun. Ashe ke nan ba yagewa ya yi ba, haɗuwa ce bai ƙarasa ba, kuma a lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Ina ruwan husufin wata na bakwai da aikin da aka rufe tun wata na uku?

Abin ba a kanmu kaɗai ya sauka ba. A duniya, kimanin jariri 1 cikin 700 ake haifa da shi. Likitoci sun ce akwai gado a ciki, daga wajen uba ko uwa, kuma shan taba, da ciwon sukari, da wasu magungunan farfaɗiya suna ƙara hatsarin. Mai shan maganin farfaɗiya kada ta bari da kanta, ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki.

Babban abin tsoro a watannin farko shi ne yunwa. Jaririn da ganɗarsa ke buɗe ba ya iya zuƙo nono, abin da ya samu kuma yakan ɓullo ta hanci, sai ya yi ta ramewa. A tatsi nonon, a zaunar da shi a miƙe, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali ko ɗan kofi mai tsabta. Muna kuma roƙon wanzamanmu su bar belin irin wannan yaro, domin likita na bukatar naman wurin ranar gyara.

Gyaran kuwa akwai shi. Ana ɗinke leɓe a wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma wajen shekara ɗaya, kafin yaro ya buɗe baki da magana, amma sai yana da ƙiba da isasshen jini. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita asibitoci, Wad Madani ma ta fita hannun gwamnati daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025. Saboda haka a fara tambayar ungozoma ko ma'aikacin lafiya inda ake aikin kafin a kashe kuɗin mota.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A fito da yaron nan a nema masa magani, a kuma ƙyale uwarsa ta ji da jego. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.