Allurar da masu jinya ke fara tsallakewa

1/ Jama'a, zare ne kan maganin hana daskarewar jini. Ra'ayina a taƙaice: idan likita ya rubuta shi, kuɗi suka gaza, kada mai jinya ya yanke hukunci shi kaɗai cewa wannan "ba dole ba ne".

2/ Duk wanda ya yi zaman jinya a Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Turai, ya san halinmu. Kuɗi su kasa a kantin magani, sai zaɓe. Na ciwo a saya, na zazzaɓi a saya. Allurar Clexane da ake yi a fatar ciki kuwa? "Ai ba ta rage masa komai."

3/ To ai rigakafi ce, ba za ka ga aikinta da ido ba. Wanda ya daɗe kwance ba motsi, bayan tiyata, karaya ko shanyewar ɓarin jiki, jini na tafiya a hankali a jijiyoyin ƙafarsa har ya yi gudaji.

4/ Gudajin na iya ɓallewa ya je huhu ya toshe hanya. Wani lokaci shi ne labarin nan na "yana samun sauƙi fa, har ya ci abinci, kawai sai numfashi ya sarƙe." Ajali gaskiya ne, amma an umarce mu da neman magani.

5/ Tsoron zubar jini ma gaskiya ne. Warfarin maganin ɓera ne tun 1948, sai 1954 aka amince mutane su sha a Amurka. Awo ne ya raba guba da magani. Shi ya sa ake gwajin INR, yawanci ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3.

6/ Don haka mai shan warfarin, don Allah ban da ƙaho wajen wanzami, ban da diclofenac ko ibuprofen na kemis, ban da jiƙon da maƙwabciya ta kawo, sai likita ya sani. Zogale da alayyafo ba a hana ba, amma kada yau a cika kwano, gobe a daina. Bitamin K ɗinsu na rage ƙarfin maganin.

7/ Alamun gudaji: ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, haki, ciwon ƙirji, tarin jini. Alamun magani ya yi yawa: haɓo, jinin dasashi, baƙin bayan gida. Kowanne ka gani, kira nas nan take.

8/ Idan babu kuɗi, ka faɗa wa likita kai tsaye, ba abin kunya ba ne. Ka tambaya ko akwai madadi mai sauƙi, kuma yaushe za a fara tayar da mara lafiya ya ɗan taka. Shi ya san wanda maganin ya dace da shi da wanda zai cutar.

9/ 13 ga Oktoba ce ranar wayar da kai kan daskarewar jini a duniya. Kada mu jira ta. Tura wa wanda ke jinya yau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.