Bashin karatu a Najeriya: me sabuwar doka ta canza?

A watan Yuni na 2023, shugaban Najeriya Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokar bai wa ɗaliban manyan makarantu bashin karatu. A shekarar ce aka cire tallafin man fetur, rayuwa ta yi tsada, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista.

Sharuɗɗan farko

Dokar 2023 ta zo da sharuɗɗa masu nauyi. Sai ɗalibin da abin da iyalinsa ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. Sannan sai ya kawo mutum biyu su tsaya masa, kamar babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya daɗe yana aiki. Ina ɗan manomi zai sami irin waɗannan mutane? Wanda aka yi dokar dominsa, shi ne aka rufe wa ƙofa.

Gyaran 2024

A watan Afrilu na 2024 aka soke dokar, aka kafa sabuwa. An cire ƙa'idar samun iyali, an cire masu tsayawa. Asusun NELFUND ke kula da shirin. Yana biyan kuɗin karatu kai tsaye ga makarantar gwamnati, ɗalibi kuma yana iya neman kuɗin guzuri na kowane wata. Bashin ba shi da ruwa, kuma na ƴan Najeriya ne kawai.

Yaya ake biya?

Ana fara biya shekara 2 bayan kammala bautar ƙasa. Mai aikin albashi za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya neman a ƙara masa lokaci.

Abin lura

Tallafi daban, bashi daban. Tallafin karatu irin wanda hukumar ANAB ke bayarwa a Nijar ba a mayar da shi. Bashi kuwa yana jiran ranar biya. Idan masu digiri ba su sami aiki ba, kuɗin ba zai dawo ba, kuma na baya ba za su sami abin ranta ba sai gwamnati ta ci gaba da zubawa. Saboda haka nasarar dokar tana rataye ne da samar da ayyukan yi.

Iyaye, duk taimakon karatun da aka kawo wa ƴaƴanku, ku fara tambaya: kyauta ne ko bashi? Yaushe za a biya, kuma nawa?