Ba kowace masara ce iri ba

Yau maganar masara za mu yi, wadda muke auna wa jama'a da tiya kullum ba tare da mun tambayi asalinta ba.

Masara ba ƴar ƙasarmu ba ce. Asalinta wata ciyawar daji ce da ake kira tewosinte, wadda har yanzu take fitowa a ƙasar Meziko. Wanda ya gan ta ba zai ce danginsu ɗaya ba: goyonta bai kai tsawon yatsa ba, ƙwayoyinta ba su wuce 12 ba, kowace cikin ɓawo mai taurin dutse, kuma da ta nuna sai ta zube ƙasa. Manomanmu sun san irin wannan hali ga shibra cikin gonar hatsi. Tun 1939 wani masani Ba'amurke, George Beadle, ya ce wannan ciyawa ce uwar masara, aka yi ta musu da shi. Binciken ƙwayoyin halitta na 2002 ya gaskata shi, ya nuna aikin ya faro ne a kwarin kogin Balsas, kudancin Meziko, kimanin shekaru 9,000 da suka wuce.

To, yaya ciyawa ta zama abinci? Zaɓen iri ne kawai. Kowace kaka manomi ya ware goyon da ya fi girma, wanda ƙwayarsa ba ta zuba, ya adana shi don shukar baɗi. Ɗansa ya yi haka, jikansa ma haka, har aka kai masara ba ta iya shuka kanta. In mutum bai ɓare ta ya shuka ba, ta ƙare. Sai bayan 1492 ta ƙetaro teku, kuma masana da dama na ganin sunan da muke kiranta da shi daga Masar ya samo asali.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne abin da ke faruwa a kasuwanninmu na bakin iyaka in damina ta matso. Manomi ya zo neman iri, sai a kwance masa buhun masarar tuwo wadda aka tattaro daga gonaki goma, a ce masa mai saurin nuna ce. Alhali mai sayarwar bai san ko ta kudu ce mai son dogon ruwa ba. A ƙasarmu da ruwan sama ke ɗaukewa da wuri, wannan asarar shekara ce. Ga kuma masara mai aure ta kamfani: shukar farko tana yin albarka, amma in aka sake shuka ƴaƴanta amfanin yana raguwa, gona ta fito wani dogo wani gajere. Wasu har rina ta suke da jan launi don ta yi kama da mai magani. Wannan algus ne, ko da wane suna aka kira shi.

Na san za a ce manomi ne ke neman mai araha. Gaskiya ne, iri na ƙwarai da tsada. Amma a faɗa masa abin da ke cikin buhun, ya zaɓa da idonsa buɗe. Kuma ribar tiya biyar ba ta kai asarar buhunan da ba za su shigo kasuwa da kaka ba, mu ne dai za mu rasa na saye.

Ina kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƴan hatsi su ware rumfar iri daban, a riƙa rubuta sunan irin, da inda aka noma shi, da kwanakin da yake ɗauka kafin ya nuna. Wanda aka kama ya sayar da ta tuwo da sunan iri, a sa shi ya mayar wa manomi kuɗinsa a gaban jama'a.